"Ai Haka Maza Suke": Wannan Hujja Ce?

Akwai wata magana da ta yi yawa a bakin maza. In an kama mutum yana bin wata mace, ga matarsa a gida, sai ya ce, "Ai haka maza suke." Dā maganar zaure ce kawai. Yanzu kuwa ta sami riga da hula, gama waɗansu samari da suka yi karatu sukan ƙara da cewa, "Masana ma sun bincika, sun tabbatar." To, ya mai karatu, bari mu duba abin da masanan nan suka gano, sa'an nan mu tambayi kanmu ko ya isa ya wanke mutum daga laifi.

Tushen binciken daga Ingila yake. A shekarar 1871 Charles Darwin ya buga littafi a kan asalin mutum da zaɓen abokin haihuwa. Ya dubi ɗawisu, ya ga jelarsa doguwa ce, ga nauyi, ba ta taimakonsa tsere wa maƙiyi. Me ya sa yake da ita? Darwin ya ce matan ɗawisu ne suke zaɓen mai kyan jela, shi yake samun 'ya'ya, 'ya'yan kuma su gāji jelar. A 1972 wani saurayi, Robert Trivers, wanda yake gama karatun digirin dakta a Jami'ar Harvard ta Amurka, ya ƙara a kan wannan. Ya ce tsakanin namiji da tamace, wanda ya fi shan wahala a kan ɗa shi zai fi tsanantawa wajen zaɓe. Waɗanda suka biyo bayansa suka auna wannan ga mutane. Suka ce mace takan ɗauki ciki wata 9, ta yi goyo, ta shayar, saboda haka tilas ta lura da wanda za ta aura.

A 1989 wani malami, David Buss, ya fitar da sakamakon tambayar da aka yi wa mutum 10,047 cikin al'ummai 37, har da Nijeriya da Zambiya. Kusan ko'ina mata sun fi maza damuwa da ko miji zai iya riƙe gida. Maza kuwa sun fi mata damuwa da ƙuruciya da kyan fuska. A 2020 aka sake yin irin wannan tambaya a ƙasashe 45, ga mutum fiye da 14,000, aka kuwa sami kusan abu ɗaya. Akwai kuma wanda ya fi kusa da maganarmu. A 2003 David Schmitt ya tambayi mutum fiye da 16,000 a ƙasashe 52, ya tarar a kowane yanki na duniya maza sun fi mata cewa suna marmarin abokan kwana da yawa. Ba za mu ɓoye wannan ba, gama mai neman gaskiya ba ya tsoron lissafi.

Amma mai cewa "haka maza suke" yakan karanta rabin takarda ya naɗe. Cikin binciken nan na Buss, abin da maza da mata suka sa a gaba duka shi ne kirki, da hankali, da ƙaunar juna. Dukiya da kyau a baya suka zo. Ban da haka, al'ada tana da nata ƙarfi. Mutanen Sin sun ɗauki kame kai kafin aure da muhimmanci ƙwarai, mutanen Suwidin kuwa ba su kula da shi sosai ba. A 1999 mata biyu masana, Alice Eagly da Wendy Wood, suka sake duban lissafin Buss, suka nuna cewa inda mata suke da hanyar samun abin hannunsu, bambancin da ke tsakanin zaɓen maza da na mata yakan ragu. A 2008 kuma Paul Eastwick, yana ɗalibi a Jami'ar Northwestern, shi da malaminsa Eli Finkel suka haɗa samari da 'yammata su gana na 'yan mintoci kaɗan. Abin da kowa ya rubuta yana so tun kafin ganawar bai nuna wanda zuciyarsa ta kama ba bayan sun ga juna. Ashe baki daban, zuciya daban.

Ka lura kuma, duk wannan lissafin taro ne. In an ce maza sun fi mata tsawo, gaskiya ne, amma bai gaya maka tsawon maƙwabcinka ba. Haka nan lissafin mutum 16,000 bai san sunanka ba.

Yanzu ga ainihin tambayar. Masu bi ba bakinsu ɗaya ba a kan koyarwar Darwin, ba kuwa ita za mu yanke yau ba. A ce ma duk abin da masanan nan suka faɗa daidai ne, sha'awar nan cikin jini take tun kaka da kakanni. Wannan ya sa bin ta ya zama daidai?

Tun a 1740 wani mai zurfin tunani na ƙasar Sikotilan, David Hume, ya lura mutane sukan fara da "haka abin yake," kafin ka farga sun tsallaka zuwa "haka ya kamata," ba su kuwa nuna gadar da suka bi ba. Ga misalin da zai nuna mana ramin da ke tsakani. Masana biyu na Kanada, Martin Daly da Margo Wilson, 'yan wannan fanni ne su ma. A littafinsu na 1988 sun nuna cewa ƙaramin yaron da ke zaune da mijin uwa ko matar uba ya fi wanda ke wurin iyayensa biyu shiga hatsarin a cuce shi, nesa ba kusa ba. Suka ce dalili shi ne zuciya ta fi karkata ga ɗan cikinta. To, wa zai tashi a gaban dattawa ya ce, "Na ƙuntata wa agola, amma haka mutane suke, masana sun tabbatar"? Ba mai karɓar wannan. Daly da Wilson ma ba don su halatta mugunta suka yi aikin ba. Wanda ya ƙi wannan hujja a kan agola, yaya zai karɓe ta a kan cin amanar aure?

Ga wani awo kuma. Binciken da ya ce maza suna son ƙuruciya, shi ne ya ce mata suna son mai abin hannu. In aikinka ya ƙare, gona ba ta yi ba, matarka ta kwashe kayanta ta bi mai kuɗi, ta ce maka, "Ai haka mata suke," za ka ce ta yi daidai? Mudun da ba ka yarda a auna maka da shi ba, kada ka auna wa wani.

Watakila wani zai ce, "Hali zanen dutse. Abin da aka haife ni da shi, don me za a zarge ni?" Wannan tambaya ce mai nauyi, amsarta kuwa sai mun raba abu biyu. Jin sha'awa daban, aikatawa daban. Ba a zargin mutum don yana jin yunwa, amma in ya shiga rumbun wani, ɓarawo ne. Ba a zargin mahayi don dokinsa yana da ƙarfi, amma in ya saki linzami doki ya tattake gonar mutane, shi za a kai gaban alkali. Shaida tana kusa da mu. Gidaje nawa ne a garuruwanmu inda aka riƙe agola da ɗan riƙo har aka yi musu aure, ba a nuna musu bambanci ba? Jinin masu gidajen nan irin na kowa ne. Wanda aka ba shi sha'awa, an kuma ba shi lamiri, da kunya, da ikon cewa a'a.

Don haka ma ake ɗaura aure da alkawari. Ba mai yin rantsuwa cewa zai ci abinci gobe, gama ciki zai tuna masa. Abin da zuciya take iya juyawa a kansa, shi ake ɗaurewa a gaban Allah da ekklesiya. Da kyau ba ya gushewa, da wadata ba ta ƙarewa, da ba a bukaci ango da amarya su ambaci ciwo da talauci ranar bikinsu ba. Alkawari kaya ne, an kuwa san da nauyinsa tun kafin a ɗauka.

Saboda haka kada mu yi gaba da binciken nan. Sanin hali ya fi sanin kama. Magini da ya san inda katangarsa take da rauni, can zai ƙara yaɓe kafin damina. Namijin da ya san idonsa yana da yawo, sai ya kiyaye inda yake hira da dare. Iyayen da suka san kuɗi yana rufe ido, sai su tambayi halin mai neman 'yarsu kafin su ƙirga kayan da ya kawo. Ku kuma dattawa, in saurayi ya zo muku da maganar masana, kada ku kore shi. Ku ce ya karanta muku takardar har ƙarshe, sa'an nan ku tambaye shi ko a ciki ya ga inda aka rubuta cewa ya karya alkawarinsa.