Karatun Yara a Gida: Kada a Tsananta, Kada a Yi Sakaci

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku iyaye maza da mata, ku sani 'ya'yan nan amana ne, kuma za a tambaye mu a kansu. A Suratut Tahrim, aya ta 6, Allah Ya umarce mu mu tsare kanmu da iyalanmu daga wuta. Da mu iyaye ayar take magana. Malamin Islamiyya da na boko taimaka mana suke yi, asalin aikin yana cikin gida.

Amma ku dubi gidajenmu. Wani ya liƙa jadawali a bango: hadda da asuba, boko har azahar, Islamiyya har magariba, mai lesin bayan isha'i. Yaro yana gyangyaɗi a kan allo, dorina na rataye a ƙofa, ya ji tarin babansa sai cikinsa ya ɗuri ruwa. Wani kuwa ya saki ragama gaba ɗaya. In an yi magana ya ce, "Ai yaro ne, in ya girma zai koya." An damƙa wa yaro waya don a huta da kukansa, ga shi ya shekara 10 bai san inda ake fara alwala ba. Wallahi duka biyun an tauye haƙƙin yaro.

Me Sunna ta koya mana? Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya yi umarni a hori yara da salla suna da shekara 7, a ladabtar da su a kanta suna da 10. Wannan tsari ne, da mafari da mataki, don haka mai sakaci ba shi da hujja. Amma ku lissafa tazarar: shekara 3, salloli fiye da 5,000, duk tunatarwa ce da lallashi da haƙuri. Kai da ka zane ɗanka saboda ka faɗa masa sau biyu bai riƙe ba, ina ka samo wannan gaggawa?

Abdullahi ɗan Mas'udu yakan yi wa mutane wa'azi ranar Alhamis kawai. Da aka roƙe shi ya riƙa yi kullum sai ya ƙi, ya ce Annabi ma yakan zaɓi lokaci don gudun kada su ƙosa. Sahabbai ke nan, manya masu kwaɗayin ilimi, ballantana ɗan shekara 6. Anas ɗan Maliku ya yi wa Annabi hidima shekara 10 tun yana yaro, bai taɓa jin kyara daga gare shi ba. Kuma Annabi ya taɓa tsawaita sujada saboda jikansa ya hau bayansa, bai so ya katse masa wasa ba. Gaskiya ne icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma wanda ya tanƙwara da ƙarfi karya shi zai yi.

Magabatanmu sun gane wannan. A makarantar allo sai yaro ya zaunu a babbaƙu kafin ya shiga farfaru, ba a wanke masa allo sai karatun ya nuna, kuma Alhamis da Juma'a hutu ne. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta zuba ilimi cikin waƙe da Hausa da Fulatanci, malamanta mata da ake kira jaji suka kai wa matan ƙauye. Uwa ta haddace, tana daka tana rerawa, ɗan da ke goye yana ji.

To, 'yan'uwa, ku riƙe tsari a zukatanku, ku sa sauƙi a mu'amalarku. Ku zauna, miji da mata, ku yanke abin da kuke so kowane yaro ya iya a bana. Ku ware kwata ɗaya na awa bayan magariba, a kashe talabijin, kai ma ka ajiye wayarka. Aya uku sun isa, in dai gobe ma za a zauna, domin Nana A'isha ta ruwaito cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne mai ɗorewa ko da kaɗan ne. Sauran yini kuwa ku bar rayuwa ta koyar: ɗanka ya tsuguna kusa da kai ya ga yadda kake wanke gwiwar hannu, 'yarki ta ƙirga miki canjin cefane, ku amsa tambayoyinsu ba tare da tsawa ba, ku bar su su yi wasan ƙasa. Kada ku gwada wani da wani, domin Allah bai yi musu ƙwaƙwalwa iri ɗaya ba. Kuma kada ku yi ƙarya a gabansu sannan ku karantar da su gaskiya.

Ku fara yau, kada ku jira sabon zango. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya sanya musu son ilimi da tsoronSa, Ya ba mu ikon sauke wannan amana, Ya gafarta wa iyayenmu da malamanmu. Amin.