Maganin Tumbi da Hukuncin Giya

Masu binciken magunguna na gwada ƙarfin tsiro wajen kare bangon tumbi ta hanyar ɓeraye. Ana hana ɓera abinci kwana guda, a ɗura masa ruwan da aka tato daga tsiron, bayan kamar awa ɗaya a ɗura masa tsantsar barasa. In aka buɗe tumbin, akan ga dogayen zane-zanen jini inda barasar ta cinye majinar da ke lulluɓe bangon, ta fasa ƙananan jijiyoyi. Sai a auna raunin, a kwatanta da na ɓeran da aka ba omeprazole, maganin gyambon ciki. Hanyar ta yaɗu bayan aikin mai bincike André Robert na 1979, kuma da ita aka gwada zogale da habbatussauda da kurkum, aka ba da rahoton raguwar raunin.

Aikin yana tayar da tambaya ga Musulmi, tunda aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haramta giya, kuma a hadisin Ɗariƙ ɗan Suwaid da ke cikin Sahihu Muslim, Annabi (SAW) ya hana a riƙe ta magani, ya kira ta cuta. Sai dai a wannan gwaji barasar tana matsayin cutar ce da ake neman makarinta, don haka gwajin ma tabbatar da hadisin yake yi.

Tambaya mafi nauyi ita ce ta mashayin kansa. Wanda giya ta yi wa gyambon ciki majinyaci ne, laifinsa bai zubar da haƙƙinsa na jinya ba, kuma ƙa'idar fiƙihu ita ce cuta ana gusar da ita. Amma akwai tazara tsakanin warkar da rauni da tallar sassaƙe a matsayin garkuwar da za a sha kafin a zauna shan giya. Nan ne ƙa'idar toshe kafar ɓarna, wadda Malikiyya suka riƙe da ƙarfi, take shigowa, domin irin wannan talla tana cire wa mutum tsoron da da zai iya tsayar da shi. Ga yaudara kuma: abin da ya yi aiki a tumbin ɓera cikin awa ɗaya bai zama hujja a jikin ɗan Adam ba sai an gwada, kuma ko tumbi ya tsira, giya na ci gaba da lalata hanta da ƙwaƙwalwa.