Abin Lura a Karofin Ƙofar Mata

Wanda ya shiga karofin Ƙofar Mata, hannayen tsofaffin marina zai fara gani kafin ya ga zane. Shuɗi ya kama fata, ya shige ƙarƙashin farce, sabulu ya gaji ya bar shi. Ana danganta kafuwar marinar nan da shekarar 1498, ƙarshen zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda a mulkinsa aka kafa kasuwar Kurmi. Da Bature Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar rinin Kano na kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Duk tsawon zamanin nan, sana'ar daga hannu zuwa hannu ta yi ta tafiya, uba ya ba ɗa, maigida ya ba yaronsa.

Haɗin rinin kansa ba wani asiri ba ne, cikin minti ɗaya marini zai zayyana maka shi: rami mai zurfi da aka shafe da laso, ruwa, toka, katsi da baba. A bar su kwanaki su ruɓa, ana motsawa da muciya. To, je ka haɗa mu gani. Yaushe ramin ya nuna? Marini kan dubi kumfar da ta taso, ya shaƙi warin, ya tsoma ƙyalle ya ga yadda ya kama. Ramin da ya nuna da wuri a bazara sai ya yi nawa da hunturu. Wannan sani a hanci da ido yake zaune, kuma ba ya shiga sai mutum ya daɗe a bakin rami.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda ake koyar da yaro. Da ɗiban ruwa da shanya yake farawa, idonsa na kan hannun manya. Ran nan sai a miƙa masa ƙyalle, wanda ko ya ɓaci ba a yi asara ba. Ya tsoma, ya ɗago, sai ya ga abin ya fito kore-kore. Gabansa ya faɗi, ya waiga ya dubi maigida. Shi kuwa iyakarsa ya ce, "Riƙe shi ya sha iska." Yaro na riƙe da shi, a kan idonsa koren zai juye ya zama shuɗi. Daga ranar ya gane dalilin da ya sa ake tsomawa ana ɗagawa, ana sake tsomawa, har launi ya kai inda mai kaya yake so. Da an tare shi da dogon bayani tun da safe, da kafin azahar ya manta.

Shirun maigida aiki ne babba. Yana ganin yaro zai yi kuskure, hannunsa na ƙaiƙayin karɓewa, amma ya daure, domin ya riga ya auna: wannan kuskuren ƙyalle kawai zai ci. Ranar da aka kawo shaddar mutane kuwa, ba zai sakar masa ita ba sai ya ga hannunsa ya faɗa. Haka ma wajen masu bugun zane, sabon shiga da kunne yake kama kiɗan tabaren nasu, sai dantsensa ya yi tsami kafin bugunsa ya daina saɓa wa na abokin zamansa.

Ba kowane maigida ne malami ba. Akwai mai riƙe yaro shekaru yana aikensa sayen goro, bai taɓa barinsa ya kusanci rami ba. Wannan bauta ce, kuma tana cikin abin da ke korar matasa daga sana'o'in gado, ga shi ramuka da yawa a Ƙofar Mata sun riga sun bushe.

A boko ma an san darajar sa hannu. Asusun ITF da aka kafa a 1971 shi ya fito da shirin SIWES, don ɗalibai su bar aji su je masana'antu su taɓa aiki. Amma sau nawa ɗalibi ke ƙare watanninsa a kan benci, a sa masa hannu a littafi ya koma makaranta? Ga tarukan horaswa na kwana uku a ɗakin otal, a yi jawabi, a ci abinci, a raba takardar shaida, alhali ba wanda ya riƙe almakashi ko sukudireba. Kuɗi ya tafi, yaro ya dawo gida yadda ya fita.

Kai da ke da yaro a shago, ko ɗalibi a ofis, ko 'ya a madafa, ware wani aiki da ɓacinsa ba zai karya ka ba, ka damƙa masa shi a makon nan. Tsaya kusa, kama bakinka har ya gama, sannan ka tambaye shi abin da ya gani.