Sanin Ƙasar Inabi Da Iyakar Ɗanɗano

A lardin Burgandi na ƙasar Faransa akwai gonakin inabi waɗanda bango ko 'yar turba kaɗai ta raba su. Iri ɗaya ake shukawa, ruwan sama ɗaya ke shayar da su, amma ɗanɗanon amfaninsu ya sha bamban. Faransawa suna kiran wannan "teruwa", watau haɗuwar irin ƙasa da gangare da rana da hannun manomi. A 1935 aka kafa dokar tsare sunayen yankunan giya, a 2015 kuma UNESCO ta sanya gonakin Burgandi 1,247 cikin kayan tarihin duniya.

Yadda ake koyar da wannan fanni kuwa, malami ne zai jera kofunan giyar inabi, ɗalibi ya dubi launi, ya shinshina, ya kurɓa, ya juya a baki, sa'an nan ya tofar. To, Musulmin da ke koyon aikin otal a can, shin ya halatta ya kurɓa, tun da ba haɗiyewa zai yi ba?

Shi sanin kansa ba laifi ba ne. Aya ta 4 a Suratur Ra'adi ta ambaci filaye maƙwabtan juna da gonakin inabi masu shan ruwa guda, amma Allah Ya fifita sashensu wajen daɗi, ta kuma ƙidaya wannan cikin ayoyi ga masu hankali. Ashe mai nazarin yumɓu da duwatsun gona yana karanta aya ne.

Amma kurɓa wani abu ne dabam. Aya ta 90 a Suratul Ma'ida umurni ta yi da nisantar giya, nisanta kuwa ta fi barin sha faɗi. Hadisi ya tabbatar cewa abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne, kuma mai tofarwa ba ya kuɓuta daga abin da ya saura a yawu. Har mai dakonta an la'anta, alhali bai sha ba, balle wanda ke horar da harshensa domin yabonta ga masu saye.

Lalle ɗalibin yana iya rasa maki, ko ma aiki. Sai ya tuna da Abu Ɗalha, wanda aka umurta ya zubar da giyar marayun da ke hannunsa, ba a ko yarda ya mai da ita khal ba. Fagen ilmin bai rufe ba: ɗanyen inabi da zabibi da man zaitun da gahawa duk suna ɗauke da shaidar ƙasar da ta haife su.

Allah Ya ba da ilmi mai amfani, amin.