In An Ce Maka, Ina Allahn Ya Ke?



Wata ranar Talata da la'asar, kasuwar Mafara ta fara watsewa, wani saurayi na cikin ajinmu na baftisma ya zo ya same ni, fuska a murtuke. Tela ne, mutumin Maradun. Ya ce sun zauna wurin mai shayi da wani abokinsa ɗalibi, sai ɗalibin ya rage murya, ya ce shi a zuciyarsa bai yarda akwai Allah ba. Ya kuma jefa masa tambaya uku. Ka taɓa ganinsa? In shi ya yi kome, shi wa ya yi shi? In kuwa yana nan, ina ya ke sa'ad da 'yan bindiga ke kwashe 'ya'yan mutane? Saurayin nan ya rasa amsa, sai ya zage shi, ya tashi ya bar shayinsa. Ya ce mini, "Malam, zagin da na yi ya dame ni. Amma abin da ya fi damuna, duk tsawon hanya tambayoyin nan suna cina. Ko bangaskiyata ta lalace ke nan?"

Na ce masa, "Zauna, ƙanena. Ba kai ne farau ba." Abin da muka tattauna ran nan shi na rubuta muku, gama kowane ɗayanku zai gamu da tambayoyin nan, ko a bakin wani, ko a cikin ransa da tsakad dare.

TAMBAYA BA ZUNUBI BA CE

Ku duba Bisharar Yohanna, sura 20. Toma, ɗaya daga cikin sha biyun nan, ya ƙi yarda da labarin tashin Ubangiji sai ya ga gurbin ƙusoshi da idonsa. Yesu bai kore shi ba. Bayan mako guda ya zo, ya nuna masa hannuwansa. Yohanna Mai Baftisma ma, yana cikin kurkuku, ya aiki almajiransa su tambayi Yesu ko shi ne wanda a ke jira, kamar yadda Matiyu ya ba da labari a sura 11. Tun da shi ke manya irin waɗannan sun yi tambaya, kada ka ɓoye taka don kunya. Ciwon da aka ɓoye shi ke ruɓewa. Kawo ta wurin malaminka ko dattijon ikilisiya, a duba ta a sarari.

KA TAƁA GANINSA?

Ba wanda ya taɓa ganin Allah da idon jiki, Littafi Mai Tsarki kansa ya faɗi haka. Amma ka tafi ka tsaya bakin madatsar ruwan Bakolori. An fara ginin nan a 1974, aka gama a 1978, wani kamfanin Italiya ne ya yi aikin. Yawancin manoman da ke ban ruwan shinkafa a Mafara da Bakura da Maradun ba su taɓa sa ido a kan waɗanda suka zana shi ba. Duk da haka, da wani zai ce ambaliya ce ta tara duwatsu da siminti, ta jera ƙofofin ruwa, ta haƙa hanyoyi zuwa gonaki, ko yaro sai ya yi masa dariya. Aiki mai tsari yana nuna mai tsara shi.

To, madatsar tare ruwa kaɗai ta ke yi. Wa ya yi Gulbin Sakkwato da ta tare? Wa ya sa ƙwayar shinkafa guda ta tsira ta ba da zangarniya? Rana tana nesa da mu kamar kilomita miliyan 150, haskenta yana ɗaukar minti 8 da ɗoriya kafin ya iso gonarka, kuma duniya tana zagaya ta shekara bayan shekara ba ta kauce ba. Wannan ita ce shaidar da Dawuda ya nuna a Zabura 19, da Manzo Bulus a Romawa sura 1: halitta wasiƙa ce a buɗe, mai karatu da marar karatu duka suna iya ganewa.

Ɗalibi zai ce kimiyya ta bayyana yadda girgije ke haɗuwa, da yadda iri ke tsira. Gaskiya ne, kada ka musa masa, kada kuma ka ji tsoron ilminsa. Wanda ya san yadda keken ɗinki ke aiki bai tabbatar da cewa ba maƙerinsa ba. Mutumin da ya nuna da lissafi, a 1927, cewa sararin sama yana ta faɗaɗa, daga baya kuma ya ce lalle yana da mafari, limamin Kirista ne daga Beljiyam, sunansa Georges Lemaître. Kimiyya tana koya mana yadda abu ke tafiya. Dalilin da ya sa akwai wani abu tun fari, da wanda ya kafa masa ƙa'ida, wannan tambaya ce da ma'auninta ba ya kaiwa.

SHI WA YA YI SHI?

Tambayan nan tsohuwa ce. A shekarar nan ta 1927 wani babban masanin Ingila, Bertrand Russell, ya yi lacca a Landan a kan dalilin da ya sa shi ba Kirista ba ne, ya kafa hujja da ita. Ga amsa daga cikin gidajenmu. Da asuba mace ta kan aiki yarinya da kasko ta ɗebo wuta a maƙwabta. Maƙwabciyar ma ɗebowa ta yi daga gida na gaba, na gaban ma hakanan. In kowane gida aro ya yi, babu ko ɗaya da ya ƙyasta, da duk unguwa ba a ga hayaƙi ba. Tun da ga wuta tana ci a murhunka, lalle akwai inda ta ke ba ta aro ba.

Hakanan ran kowane mai rai na aro ne. Kai daga iyayenka, su daga nasu. Hatsi daga iri, iri daga hatsi. Dole jerin nan ya tsaya ga Wanda rai nasa ne na kansa, bai karɓa daga kowa ba. Shi mu ke kira Allah. Abin da ke da mafari shi ke bukatar mai yi. Tambayar wa ya yi Marar Mafari kamar tambayar launin iska ce. Malamai sun daɗe a kan hujjan nan. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kafa ta, Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, shi ma ya bi hanya mai kama da ita. A nan mu da maƙwabtanmu Musulmi bakinmu ɗaya.

INA YA KE RAN WAHALA?

Wannan ita ce mai nauyi, kada ka amsa ta da garaje. Ran 26 ga Fabrairu 2021 'yan bindiga suka shiga makarantar 'yan mata ta Jangebe da dare, suka kora ɗalibai cikin daji. Ran 2 ga Maris aka sako 279. Akwai gidaje a ƙasan nan da nasu ba su komo ba har abada. Wanda ya yi maka tambayan nan, wataƙila ya binne wani nasa. Ka fara yi masa ta'aziyya kafin hujja.

Sa'an nan ka lura da wani abu. Mai tambayar yana cewa abin da aka yi mugunta ne, kuma yana da gaskiya. Dattawan Bakura suna tuna watan Afrilu 1980, sa'ad da 'yan sanda suka buɗe wuta a kan manoman Birnin Tudu da kewaye masu neman diyyar gonakinsu da aikin Bakolori ya ci, mutane da yawa suka mutu. Kowa ya ji labarin ya kan ce zalunci ne. Da wane mudu muka auna? In duniya ƙura ce da ta taru bisa tsautsayi, mai bindiga da marar bindiga kamar kura da akuya ne, ba a kai kura gaban alƙali. Amma zuciyarka ta ƙi yarda da haka, ta ɗalibin ma ta ƙi. Mudun nan da ke cikin ƙirjin kowa, wanda Bulus ya ambata a Romawa sura 2, akwai wanda ya sa shi. Kukan da mu ke yi a kan zalunci, shi kansa shaida ne akwai Alƙali.

Allah ya ba ɗan Adam ikon zaɓi, gama ƙauna ta tilas ba ƙauna ba ce, mutum kuwa ya ɗauki ikon ya yi ɓarna da shi. Amma don me aka ɗauke wannan yarinya aka bar waccan, wannan sani na Allah ne. Ayuba ya yi ta tambaya, Allah ya bayyana masa kansa, bai ba shi lissafin dalilai ba. Abin da mu masu bi ke riƙe da shi shi ne wannan: Allah bai tsaya daga nesa yana kallo ba. A cikin Yesu Almasihu ya shigo wahalarmu, aka kama shi da dare, aka yi masa shari'ar zur, aka kashe shi bisa gicciye, a rana ta uku ya tashi. Saboda haka mun sani mugunta ba ita ke da magana ta ƙarshe ba.

SANIN AKWAI ALLAH DABAM, BANGASKIYA DABAM

Ko ka ci gardama goma, ba ka zama mai bi ta wurin haka ba. Yakubu, a sura 2 ta wasiƙarsa, ya tuna mana aljanu ma sun san Allah ɗaya ne, sanin bai amfane su da kome ba. Da damina, in gulbi ya kawo, mutum yana iya tsayawa bakin gaɓa ya yarda jirgin nan mai ƙwari ne, mai fito kuma gwani ne. Muddar bai sa ƙafa ya shiga ba, yana nan inda ya ke. Bangaskiyar Kirista ita ce shiga jirgin: ka tuba, ka danƙa ranka da zunubanka ga Almasihu, ka dogara ga mutuwarsa da tashinsa, ka bi maganarsa ran daɗi da ran wuya.

A 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Ikko da niyyar kawo bishara ƙasashen nan. A 1894 Gowans ya mutu a Girku, Kent a Bida. Bingham ya koma gida, ya sāke dawowa, bai fasa ba. Daga aikin nan ikilisiyar ECWA ta fito a 1954. Su ba labarin jirgi kaɗai suka sani ba, shiga suka yi.

YADDA MAI BI ZAI YI MUHAWARA

Manzo Bitrus, a wasiƙarsa ta fari sura 3, ya umurce mu mu zauna da shirin ba da dalilin begenmu, ya kuma gindaya sharaɗi, a yi shi da tawali'u da ladabi. A garin nan mun ga abin da zafin magana ke haifarwa. A watan Agusta 2016 aka zargi wani ɗalibin Kwalejin Abdu Gusau ta Talata Mafara da ɓatanci, aka yi masa dūka. Wani mutum ya ji tausayinsa ya kai shi asibiti, taron ya juya ya ƙone gidan mai taimakon, mutum 8 suka mutu. Mubarak Bala kuma, wanda ya ce bai yarda da Allah ba, an kama shi a 2020, kotu a Kano ta yanke masa shekara 24 a 2022 saboda abin da ya rubuta a Facebook, kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa 5 a 2024. Ka gani, ɗalibin da ya rage murya ya faɗa maka abin da ke ransa, amanar ransa ya ba ka.

Saboda haka ku riƙe waɗannan. Kada ka tona asirin mai shakka, kada ka kai sunansa gaban taro. Kada ka zagi mutum, ko addininsa, ko abin da ya ke girmamawa, a baki ko a waya. Ka saurara har ya gama. Abin da ya fi ƙarfinka, ka ce za ka tambayo, ka kuwa tambayo. In murya ta fara tashi, ka yi sallama ka tafi. Allah ba ya bukatar sandarka ko ashanarka su tsare shi. Wuta ba ta taɓa sa zuciya ta gaskata ba.

Bayan wannan, ka sani halinka shi ne hujjar da a ke karantawa kullum. Tela mai bi da ke mayar da ragowar yadi, ya cika alkawarin ranar da ya ɗiba, yana wa'azin da ba a iya katsewa. In bakinka yana cewa akwai Allah, mudunka kuwa yana cewa babu, mudun za a gaskata.

Saurayin nan ya koma ran Talata ta gaba, ya nemi abokinsa, ya roƙi gafarar zagin, ya biya kuɗin shayinsu su biyu. Ɗalibin bai ba da gaskiya ba har yanzu, amma suna zama, yana tambaya, an kuma ba shi Bisharar Yohanna ya karɓa. Shuka tamu ce, tsiro na Allah.

Kai fa, mai karatu, kana bakin gaɓa ne, ko ka shiga jirgi?

Ya Ubangiji Allah, Mai rai wanda ba ka karɓi rai daga kowa ba, ka ƙarfafa masu rauni a cikinmu, ka ta'azantar da masu makoki a ƙasan nan, ka tsare harshenmu, ka bayyana kanka ga masu nemanka da gaskiya, domin Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Amin.