Ƙarancin Kaya da Kwaɗayin Zuciya

A watan Nuwamba na shekarar 2020, kamfanin Sony na ƙasar Japan ya fito da sabuwar na'urar wasan bidiyo mai suna PlayStation 5. Irin na'urar nan ce da ake jona wa talabijin, mutum ya riƙe abin sarrafawa a hannu yana buga ƙwallo ko tseren mota, kamar yadda ake ganin samari suna yi a shagunan wasa na Maraɗi ko Garwa. Kuɗinta a Amurka a lokacin dala 499 ne. A cikin makon nan kuma kamfanin Microsoft ya fito da tasa, wato Xbox Series X. Tun ranar farko kaya suka ƙare a kantuna, aka kuwa shafe shekara biyu ana nema ba a samu. Waɗansu suka riƙa kwana a gaban kwamfuta suna jiran a ce an kawo, waɗansu suka biya ninki biyu a hannun 'yan bayan fage. Sai a watan Janairu na 2023 ne Jim Ryan, wanda ke shugabancin sashen wasanni na Sony a lokacin, ya sanar cewa wahalar samu ta yi sauƙi.

Wannan ba sabon abu ba ne a cikin sana'ar. A ran 21 ga Nuwamba 1990 kamfanin Nintendo ya fitar da na'urarsa Super Famicom a Japan, guda 300,000 ɗin da aka kai kasuwa suka ƙare cikin 'yan sa'o'i. A 2000 Sony ya yi niyyar kai PlayStation 2 guda miliyan 1 Amurka ranar buɗe ciniki, amma rabin haka ya iya kaiwa. Na'urar Wii ta Nintendo, wadda ta fito a 2006, ta yi wuyar samu har fiye da shekara guda. Duk lokacin da haka ta faru, tambaya ɗaya ce ke tasowa: mutane ne suke son abin shi ya sa ya yi ƙaranci, ko kuwa ƙarancin ne ya sa suke son sa? Mai karatu zai iya cewa ai maganar abin wasa ce. Amma tambayar ta shafi kowa, gama tana neman sanin inda sha'awar mutum take fitowa, da kuma wanda ke riƙe da linzaminta.

Mutane da yawa sun gaskata cewa da gangan kamfanoni suke rage kaya domin a yi ta rububi. Zargin yana da dalili. A watan Nuwamba na 2016 Nintendo ya fito da wata 'yar ƙaramar na'ura, NES Classic Edition, mai ɗauke da tsofaffin wasanni 30, a kan dala 60. Aka yi ta nemanta ba a samu. Maimakon a ƙara, sai kamfanin ya daina ƙera ta a watan Afrilu na 2017, bayan ya fitar da guda miliyan 2.3, alhali masu so suna nan suna jira. Sai a 2018 ya sake kawo ta. Wanda ya ga wannan ba za a ga laifinsa ba in ya yi tsammanin akwai dabara a ciki.

Duk da haka, idan aka dubi ƙarancin 2020, za a tarar da dalilai a fili. Ƙwaƙwalwar lantarki da ke cikin PlayStation 5 da Xbox Series X, kamfanin AMD ne ya tsara ta, masana'antar TSMC ta Taiwan kuma take ƙera ta. Masana'antun da ke iya irin wannan aiki kaɗan ne a duniya, gina sabuwa kuwa yakan ci shekaru. Da annobar korona ta tsare mutane a gida, sai neman kwamfuta da waya da kayan wasa ya hauhawa a lokaci guda, jigilar kaya kuma ta rikice. Har masana'antun mota a Amurka da Turai suka dakatar da aiki saboda rashin irin waɗannan ƙananan sassa. Babu wanda zai ce masu ƙera mota sun rufe ƙofofinsu ne don su ja hankalin masu saye.

Akwai kuma yadda ribar wannan sana'a take zuwa. Sau da yawa kamfani yakan sayar da sabuwar na'ura ba riba, wani lokaci ma da hasara, domin ya san kuɗin yana cikin wasannin da mai na'urar zai riƙa saye shekara da shekaru. Saboda haka kowane gida da ya rasa na'ura, cinikin wasanni ne ya kuɓuce. Ninkin kuɗin da aka biya ɗan bayan fage kuwa, ko sisi bai shiga aljihun kamfani ba. Wani abin da ke sa su taka tsantsan shi ne tsoron kwantai. Nintendo ya sayar da Wii fiye da miliyan 100, amma magajiyarta, Wii U ta 2012, ba ta kai miliyan 14 ba. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga igiya sai ya ja da baya.

Hujja mafi ƙarfi ita ce abin da ya biyo bayan ƙarancin. Da a ce wuyar samu ce uwar sha'awar, da ranar da kantuna suka cika sha'awar ta mutu. Ba haka ya kasance ba. A farkon 2023 Sony ya ce ya sayar da PlayStation 5 miliyan 30, a watan Disamba na shekarar kuma adadin ya kai miliyan 50. Wato a shekarar wadata an sayi miliyan 20, alhali shekara biyu na ƙaranci miliyan 30 suka bayar. Ashe mutane suna son na'urar ne saboda abin da take yi. Ƙaranci shi kaɗai ba ya haifar da so. Akwai abubuwa masu wuyar samu birjik a duniya waɗanda ba wanda ya taɓa shiga layi dominsu.

Amma maganar ba ta ƙare nan ba, gama ƙaranci yana da aikin da yake yi a zuciya. A 1983 kasuwar wasannin bidiyo ta faɗi a Amurka saboda kaya sun yi yawa, masu saye sun gundura. Kamfanin Atari ya kwashi kaset-kaset na wasanni da suka yi kwantai, ciki har da wani mai suna E.T. wanda aka yi ta kushewa, ya binne su a juji a garin Alamogordo na jihar New Mexico. A 2014 aka tono wurin. Da hukumar garin ta yi gwanjon abin da aka tono, akwai kaset ɗin E.T. da aka saya fiye da dala 1,000. Wasan bai ƙara daɗi ba don ya yi shekara 31 a cikin ƙasa. Abin da ya sāke kawai shi ne, dā yana ko'ina, yanzu kuwa 'yan kaɗan ne za su iya cewa suna da wanda aka tono.

Masana halin ɗan adam sun gwada wannan. A 1975 Stephen Worchel da Jerry Lee da Akanbi Adewole suka ba ɗalibai biskit su ɗanɗana su faɗi ra'ayinsu. Waɗansu aka ba su daga kwalba mai guda 10, waɗansu daga kwalba mai guda 2, biskit ɗin kuwa iri ɗaya ne. Masu kwalbar biyu suka fi ganin darajarsa. Waɗanda suka fi kowa ɗokinsa su ne waɗanda aka fara nuna musu goma, sa'an nan aka ɗauke aka kawo biyu, aka ce musu waɗansu ne suka buƙaci sauran. Abin lura shi ne, da aka zo kan ɗanɗano, ba su ce ya fi daɗi a baki ba. Ƙarancin ya ƙara son mallaka, bai ƙara jin daɗin abin da aka mallaka ba.

Nan ne amsar tambayar take. Ƙaranci ba ya shuka sha'awa inda babu ita, sai dai yana hura wadda ke akwai, yana kuma sauya mata kama. Da fari mutum yana son na'urar don ya yi wasa da 'ya'yansa ko abokansa. Da ya ga dogon layi, sai ya ɗauka lalle akwai wani alheri da waɗannan suka sani shi bai sani ba. Da ya ji an ce saura kaɗan, sai tsoron rashi ya hana shi lissafi. Da ya ga maƙwabcinsa ya samu, sai abin ya zama gasa. A ƙarshe ba wasan ne ke gabansa ba kuma, burinsa shi ne a ce yana cikin waɗanda suka samu. Wani masani ɗan ƙasar Faransa, René Girard, ya koyar cewa yawancin sha'awar ɗan adam aro ce, wato mutum yakan koyi abin da zai so ta wurin kallon abin da wani yake so. Ba mamaki da doka ta ƙarshe cikin Dokoki Goma ta tsaya a kan ƙyashin kayan maƙwabci. Tana magana ne a kan abin da ke faruwa a zuciya tun hannu bai motsa ba.

To, wane ne ke da alhaki? Akwai mutum uku a cikin wannan ciniki.

Na fari shi ne kamfani. Idan sassa suka yanke, ba laifinsa ba ne. Amma akwai jaraba a gabansa, domin hoton layi a ƙofar kanti talla ce wadda ba a biya ba. Kamfanin da ya faɗi gaskiya game da yawan kayansa da ranar da za a ƙara, ya kuma hana mutum ɗaya kwashe da yawa, ya yi abin da ya kamata. Wanda kuwa ya ƙera kaɗan da gangan, yana shela cewa in aka rasa yau an rasa har abada, yana cin riba ne daga tsoron da shi da kansa ya cusa wa mutane. Ko da doka ba ta hana ba, wannan ba cinikin gaskiya ba ne.

Na biyu shi ne ɗan bayan fage. A 2020 da 2021 irin waɗannan mutane sun yi amfani da manhajar kwamfuta mai saye da kanta, wadda ke kwashe kaya a intanet cikin ƙiftawar ido, tun mai saye na gaske bai gama rubuta sunansa ba. Masu kare su suna cewa ai ciniki ne, ba a tilasta wa kowa ba, kuma ba abinci ba ne balle a ce wani zai mutu. Gaskiya ne laifinsu bai kai na mai ɓoye hatsi a lokacin yunwa ba, gama yunwa ba ta jira, wasa kuwa yana iya jira. Amma ya kamata a bambanta su da ɗan kasuwa na ainihi. Fataken dā da suke ɗauko goro daga Gwanja su kai Kano, sun ɗauki kaya daga inda yake da yawa zuwa inda babu, suka sha tafiyar watanni da haɗarin hanya, ribarsu ladan wahalarsu ce. Ɗan bayan fage bai ƙera kome ba, bai kai kome ko'ina ba. Ya tsaya ne a bakin ƙofa ya tare hanya, sa'an nan ya ce a biya shi kafin a wuce. Ramin da ake biyansa ya cike, shi ne ya ƙara masa zurfi.

Na uku shi ne mai saye, shi ne kuwa ba a cika son a taɓa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da masu saye sun ƙi biyan ninki biyu, da kayan 'yan bayan fage sun yi kwantai a ɗakunansu cikin 'yan makonni. Rashin haƙurin mai saye shi ne jarinsu. Wasa ba zunubi ba ne, son abu mai kyau kuma ba laifi ba ne. Uban da ke so ya faranta wa ɗansa rai a ranar Kirsimeti, ƙauna ce ta motsa shi. Amma in ya ci bashi, ko ya taɓa kuɗin makaranta, don kada a ce ɗan wane ya samu nasa bai samu ba, ya koya wa yaron darasi mai tsada: cewa darajar mutum tana cikin riga waɗansu samu. Yaron da ya koyi wannan ba zai taɓa ƙoshi ba, domin kowace shekara akwai sabon abu, da sabon layi. Da gaskiyar masu iya magana da suka ce kwaɗayi mabuɗin wahala.

Akwai gwaji mai sauƙi da kowa zai iya yi wa zuciyarsa kafin ya zaro kuɗi, ko a kan na'urar wasa, ko sabuwar waya, ko atamfar da ake yayi. Ya tambayi kansa: in gobe abin nan ya cika kowane kanti, kowane maƙwabci kuma yana da irinsa, zai so shi har yanzu, a kan wannan kuɗi? In amsar i ce, to abin yake so, sai ya jira ya saye shi a kan farashinsa na gaskiya. In kuwa ya ji sha'awar ta huce da zarar ya tuna kowa zai samu, to ya gane fifiko a kan 'yan'uwansa yake nema ya saya, kuɗi kuwa ba su taɓa isa wannan ciniki ba.

A Amurka, wanda ya haƙura har 2023 ya shiga kanti ya ɗauki PlayStation 5 a kan dala 499, ba layi, ba roƙo. Ya kai ta gida ya jona wa talabijin, ya buga wasannin da mai gaggawa ya buga, har da waɗansu sababbi da suka fito a tsakani. Abin da mai gaggawa ya saya da ƙarin kuɗinsa shi ne 'yan watanni na riga waɗansu, watannin kuwa sun wuce.