Tanadin Kuɗin Karatun 'Ya'ya Tun Daga Ranar Suna

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ba mu 'ya'ya Ya kuma ɗora mana amanarsu. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabinmu Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi na Badagishiri da kewaye, muna so mu ja hankalinmu a kan wani al'amari da ke maimaituwa kowace shekara idan sakamakon jarrabawar BAC ya fito. Yaro ya share shekara 13 a lakkol, 6 a firamare, 4 a kwalej, 3 a lise, Allah Ya ba shi nasara, an yi guɗa a gida. Kafin a kawar da amfanin gona sai murna ta koma zullumi, domin uba ba shi da abin da zai kai shi Tawa ko Yamai. Daga nan ɗayan biyu: ko a jinginar da gonar gado, ko yaro ya naɗe takardarsa ya bi 'yan bida zuwa Abijan ko Libiya. Babu sahun da za mu duba a masallatanmu ba mu ga uban da wannan ya taɓa ba.

Wasu za su ce ai kuɗin rajista a jami'ar gwamnati bai taka kara ya karya ba. Haka ne, sai dai rajista ƙofa ce kawai. Akwai hayar ɗaki, da abinci, da kuɗin mota, da takardu, har shekara 3 kafin a sami lasisi, in ba a yi yajin aiki ba. Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai tana nesa da mu fiye da kilomita 400. Buɗe Jami'ar Tawa a 2010 ya rage mana nisa, amma bai rage farashin buhun shinkafa ba. Bursu kuwa ba kowa ke samu ba, wanda ya samu ma ya san jinkirinta. Makarantun kuɗi na aikin likita da na sana'o'i kuwa sai wanda ya shirya. Masu tura 'ya'yansu ƙetaren iyaka ta Ƙwanni sun ga yadda jami'o'in Nijeriya da dama suka ƙara kuɗin karatu a 2023, a shekarar da aka rufe iyakar ma baki ɗaya.

To, ina mafita? Mafita ita ce tanadi, kuma tanadi ba ya warware tawakkali, kamar yadda wasu daga cikinmu suke zato. Mu tuna ƙissar Annabi Yusufa (AS), wanda ya shawarci mutanen Masar su adana hatsin shekarun wadata a zangarniyarsa saboda shekarun fari. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Ba'adare, wanda ke jera dammunan gero a rumbu ba tare da ya sussuke ba. Mu tuna kuma Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas (RA), lokacin da ya yi rashin lafiya a Makka ya nemi ya ba da mafi yawan dukiyarsa sadaka, Manzon Allah (SAW) ya tsayar da shi a kan sulusi, ya nuna masa cewa barin magada cikin wadata ya fi barin su suna roƙon mutane. Idan an taƙaita sadaka saboda haƙƙin 'ya'ya, ina ga kuɗin da muke zubarwa a bukukuwa?

A nan ne gizo ke saƙar. Ranar suna ana yanka rago, wannan sunna ce, ba mu da ja. Amma abin da ake kashewa bayan ragon, na anko da maroƙa da gasar ganin ido, da an kama 'yar tunkiya da rabinsa an ce ta karatun jariri ce, da kafin ya shiga kwalej ta zama garke. Allah Ya yi wa garinmu baiwar kasuwar dabbobi wadda fatake ke zuwa daga nesa. Ga albasa a fadamu, har Galmi sunanta ya kai ƙasashen waje. Wanda ba shi da dabba, ya yi lissafin nan: jikka ɗaya a mako, mako 52 a shekara, cikin shekara 18 ta haura jikka 900. Da yawa daga cikinmu abin da muke kashewa a shayi da goro da katin waya ya fi haka.

Sai dai a yi hattara, kada a zuba ƙwai duka a kwando ɗaya, kowace ajiya da irin cutarta. Dattawanmu sun ga farin 1984, lokacin da saniya ta koma ba ta sayen buhun hatsi. Sun kuma ga watan Janairu na 1994, ranar da aka karya darajar sefa da rabi, wanda ya binne kuɗi a tukunya ya wayi gari da rabin ƙarfinsu. Saboda haka a raba: wani abu a dabba, wani a hatsi, wani a adashe tsakanin amintattu. Matanmu sun riga mu a wannan fage, tun da aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991. Abin da muke gargaɗi a kai shi ne riba. Duk ajiya ko rancen da aka sharɗanta ƙari a kansa, a nisance shi, ko da an ce don karatu ne, domin ba a neman ilimi mai albarka da abin da Allah Ya haramta.

Kada kuma sunan karatu ya zama hanyar gudun zakka. Kuɗin da ya kai nisabi ya shekara, ana fitar da ɗaya cikin 40. Tumaki da awaki idan sun kai 40 ana ba da ɗaya, shanu kuwa daga 30 ake farawa. A mazhabar Imamu Malik dukiyar yaro ƙarami ma ana yi mata zakka, waliyyinsa ne ke fitarwa. Wanda ya mallaka wa ɗansa dabba, ya kafa shaidu, ya tambayi malamai yadda kyauta ke tabbata, don kada rai ya yi halinsa ta faɗa cikin rabon gado. A yi adalci kuma tsakanin 'ya'ya, kamar yadda Annabi (SAW) ya ƙi zama shaida ga kyautar da Bashir ya keɓance ɗansa Nu'umanu da ita. Mata na ciki. Mu ne muke ƙorafi idan muka kai iyali likita muka tarar babu ungozoma ko likita mace, alhali mu ne muka ƙi tanadar wa 'yarmu komai sai kayan ɗaki.

Muna roƙon limamai da kwamitocin masallatai na Badagishiri, da Illela, da Malbaza, da Ƙwanni, su tashi da wannan magana tun yanzu da kaka, lokacin da rumbu ke cike, kuma su ƙidaya marayun unguwa da suka kai ajin ƙarshe na lise, a san wanda zai tsaya wa kowane ɗaya kafin jarrabawa ta zo. Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya buɗa mana ƙofofin halal, amin.